Filtar Motar Gawa

Har yau ban manta da safiyar da aka kira ni gidan Alhaji Mamman a unguwar Kokoro don in duba motar gawa ba. Ranar Talata ce, mako biyu bayan Babbar Sallah, damina ta yi tsaka. Ku da kuke aiki a hannuna kun sha tambayata dalilin tsohuwar filtar nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar gareji. To ku saurara, sau ɗaya zan faɗa.

Mutanen ɓangarenmu na unguwar Kilomita Biyar, nan birnin Bangi, suna da kwamitin jana'iza, kwamitin kuma yana da mota ɗaya. Tsohuwar fikof ce fara mai shan gazuwal, wato dizal, an yi mata rumfar ƙarfe a baya daidai tsawon makara. Aikinta kai mamaci maƙabarta, don maƙabartar da nisa, wani lokaci kuma a kai mara lafiya asibiti. Shugaban kwamiti a lokacin shi ne Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Maraɗi, bai fi shekara huɗu da zuwa Bangi ba. A ƙarƙashinsa akwai mai kula da mota, Malam Tanko, tsohon tela, haifaffen nan. Sai direba, Abakar na unguwar Yakite. Shi ma haifaffen nan ne, yaren Sango ya fi zama a bakinsa, Hausarsa tana ɗingishi. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, kuma tuƙin motar nan shi ne abincinsu.

Sai na yi bayanin juye, don ba kowa ne makanike ba. Juyen mai, wanda a nan ake ce wa bidanji, ba shi da wuya. A tada mota ta yi ɗumi, a kashe. A sa kwano a ƙasa, a kwance notin gindin inji, tsohon mai ya zube. A mayar da noti, a zuba sabo, a duba sanda a ga ya kai. Filta kuwa gwangwani ce kamar ta madara, ana ɗaura ta a gefen inji. Cikinta takarda ce mai ninki-ninki. Duk man da ke zagaya inji sai ya bi ta cikinta, ta tare ƙura da garin ƙarfe. In ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa a cikinta da ke buɗewa, mai ya riƙa wucewa ba tacewa, don kada inji ya bushe. Mota ba za ta gaya maka haka ta faru ba. Tana tafiya tana cin kanta.

Motar gawa ba ta zuwa gareji don juye. Al'ada ce ta kwamiti. Dattawa sun ɗauki zuba mata mai a matsayin sadaka. Wanda ya samu buɗi a kasuwa, ko aka yi masa haihuwa, ko ya tuna mahaifinsa, sai ya sayo galan, a kai motar ƙofar gidansa, Abakar ya shiga ƙarƙashinta ya zubar da tsohon, shi mai sadaka ya naɗe hannun riga ya zuba sabon da kansa, a yi addu'a. Har layi ake yi. Motar da ba ta yin tafiyar kirki, ana yi mata juye kusan kowane wata. A duk Bangi ban san motar da ta kai ta shan sabon mai ba.

Ranar Litinin da asuba Malam Tanko ya rasu. Aka yi masa salla bayan Azahar, aka sa shi a motar da ya yi shekaru yana kula da ita. Ina cikin masu rakiya, a kan babur. Mun bar titin Kudukku, mun ci fiye da rabin hanya, sai na ji ƙara daga gaba, ƙwaf-ƙwaf-ƙwaf, kamar ana dukan tukunya da guduma. Na san wannan ƙarar. Abakar ya kashe mota nan take. Aka sauke makara, aka ɗauka a kafaɗa cikin taɓo har maƙabarta. Ni ma na ɗauka. Wani a bayana ya ce, "Motar ma ta bi maigidanta." Ba wanda ya yi dariya sai shi.

Kafin mu bar wurin motar, Alhaji Mamman ya zaro sandar mai ya duba. Baƙi ƙirin, mai kauri. Kwana tara kacal da ya zuba sabo da hannunsa, daga galan mai hatimi da ya sa aka kawo masa daga Duwala.  Ya karɓi makulli daga hannun Abakar.

Washegari aka jawo motar zuwa gidansa, aka aiko mini. Ban jima da dawowa ba a lokacin. Na yi shekara shida a iyakar Kamaru ina gyaran manyan motoci, kuma tun da na dawo ban taɓa motar nan ba.

Na tarar da dattawa bakwai a kan tabarma ƙarƙashin mangwaro. Abakar yana tsaye jikin bango, ba a ba shi wurin zama ba. Muka gaisa, muka yi wa juna gaisuwar rashi.

Alhaji ya ce, "Baba Iro, kai ne likitan ƙarfe. Magana gajeriya ce. Na zuba sabon mai, kwana tara ya koma kwalta. Mun san yadda ake yi. A zuƙe mai kyau a kai wa masu sayarwa a kwalba bakin titi, a mayar da tsohon. So muke ka duba ka faɗa da bakinka, don kada a ce mun zalunce shi. Yau zai bar mana mota."

Abakar ya ce da Sango, "Mbi nzi pepe." Sannan ya maimaita da Hausa, "Ban sata ba, Alhaji. Man gawa? Ni?"

Wani dattijo ya ce, "To aljanu ne suka sha?"

Na ce, "Man injin gazuwal yakan yi baƙi cikin kwana biyu ko da ba a taɓa shi ba. Baƙi ba shaida ba ne."

Alhaji ya ce, "Ƙarar da ta tsayar da mu a hanya fa? Ita ma ba shaida ba ce?"

Na ce, "Ita shaida ce. Ban dai san a kan wa ba tukuna."

Na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashin motar. Na kwance noti, na tari man a kwano, na fito da shi rana. Na shafa tsakanin yatsuna. Man yana da santsinsa, bai tsinke ba, bai yi warin tsohon mai ba. Na Alhaji ne. Amma da na karkata kwanon, sai ƙasansa ya riƙa ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Metal ɗin inji ne ya cinye, wato kwanukan da sandar inji ke juyawa a kansu. Wannan ba aikin kwana tara ba ne. Aikin shekaru ne.

Na tambayi Abakar, "Yaushe aka sa sabuwar filta?"

Ya ce, "Sabuwa? Baba, ita ba a canza ta. Wanke ta ake yi."

Na ce, "Wa ya ce?"

Ya ce, "Malam Tanko. Tun ranar da na fara aiki. Ya ce a kwance, a wanke da fetur, a shanya, a mayar. Na taɓa cewa a sayo sabuwa, ya ce wanda ya fi ni sanin mota ne ya faɗa."

Wurin ya hautsine. Alhaji ya miƙe tsaye. Ya ce, "Ka ji mara kunya. Jiya muka rufe bawan Allah, ƙasarsa ba ta bushe ba, yau ka ɗora masa laifinka. Ka samu wanda ba zai amsa ba ko?"

Sauran dattawan ba wanda ya san da zancen. Su dai zuba mai suka sani. Suna zuwa ne bayan an gama aikin ƙasa, su zuba, su shafa addu'a, su wanke hannu. Ba wanda ya taɓa leƙa gefen inji. Sadakar mai ana ganinta, galan ce babba mai launi, ana ɗauko ta a gaban maƙwabta. Filta ba ta kai tafin hannu biyu ba, ba wanda ya taɓa tunanin akwai lada a cikinta.

Na sa hannu na kwance ta. Ta fito da ƙyar. Robar bakinta ta asali ta daɗe da mutuwa, an yanko wata daga tsohon tub ɗin tayar babur an sa. Fentin jikinta duk ya goge saboda fetur. Na ɗaga ta, nauyi kamar dutse. Na goge gindinta da tsumma don in ga ko akwai lamba.

Kun san ban yi makaranta ba, ban iya rubuta kwanan wata ba. Tun ina saurayi, duk filtar da na ɗaura sabuwa sai in karce gindinta da ƙusa, in yi alamar ƙafar kaza. Ba wanda ke yin wannan alama a Kilomita Biyar sai ni. A gindin wannan filta akwai ƙafar kaza. Kusa da ita akwai layi biyu.

Layukan nan ma na san su. A shekarun rikici da aka rufe mu cikin unguwa, ba shiga ba fita, kayan gyara sun yanke. Mai akan samu a ɓoye, filta babu. Motar gawa kuwa ba ta taɓa aiki kamar na wannan lokacin ba. Ba zan yi zancen wannan ba, wanda ya gani ya gani. Sau biyu Malam Tanko ya kawo mini ita, sau biyu na kwance filtar na wanke da fetur na mayar, kowane wanki na ja layi. A karo na biyu ya tsuguna kusa da ni yana kallo. Ya ce, "Iro, wannan zai yi?" Na ce, "Wanke ta, ka shanya, ka mayar. Za ta yi." Iyakar abin da na ce ke nan. A raina na san har a buɗe hanya nake nufi. Ban faɗa ba. Aiki ya yi yawa, kuma ni dama ba mai dogon zance ba ne. Da aka buɗe hanya na tafi iyaka. Shi kuma ya riƙe maganata kamar yadda tela ke riƙe awo.

Na tsaya da filtar a hannu. Ba wanda ya lura da alamar. Mutum ɗaya ne ya san daga bakin wa maganar ta fito, kuma jiya na ɗauki makararsa. Da na ce filta ta tsufa, sakaci ne, na yi gaskiya, ba wanda zai kama ni da ƙarya. Sai a bar zancen sata, a kori Abakar da sunan sakaci da yi wa mamaci ƙazafi. Ni in koma gareji da sunana cikakke. Ban ce wannan bai zo mini a rai ba. Ya zo.

Na ce a ba ni zarton ƙarfe. Na yanka gwangwanin a kan dutse a gabansu, na buɗe. Takardar ciki ta narke wuri-wuri, sauran ta daskare da baƙin laka, ninkinta ya manne. 'Yar ƙofar nan ta maƙale a buɗe. Na nuna musu da bakin sukurdireba.

Na ce, "Alhaji, man da ke kwanon nan naka ne. Ba a taɓa shi ba. Duk man da kuka zuba shekarun nan ta wannan rami yake wucewa, ba tacewa. Fetur yana wanke bayan gwangwani, ba ya fitar da abin da ya shige takarda, sai ma ya lalata ta. Kuna wanke jiki kuna mayar da riga mai dauɗa."

Alhaji ya ce, "To ai ka ga. Direba ne ke ƙarƙashin mota. Shi ya kamata ya sani."

Na juya gindin filtar na miƙa masa. Na ce, "Ka ga wannan zanen?"

Ya ce, "Na gani. Kamar ƙafar kaza."

Na ce, "Hannuna ne. Ni na ɗaura ta. Ni na fara wanke ta. Ni na gaya wa Malam Tanko a wanke a mayar za ta yi. Ban ce masa na ɗan lokaci ba ne. Abakar bai yi ƙarya ba. Malam Tanko ma bai yi ba, Allah ya jiƙansa. Abin da makanike ya gaya masa ya bi."

 Wani dattijo mai sayar da goro, wanda shi ma yana nan a shekarun can, ya karɓi filtar ya duba. Ya ce, "Ƙafar kazar Iro ce. Akwai ta a tsohon janaretona."

Alhaji ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "Wato mun kira likita ya gano mai cutar, ashe likitan ne ya ba da gubar."

Na ce, "Haka ne."

Ya ce, "Ba za ka ƙara komai ba?"

Na ce, "Rashin ƙarawa ne ya kawo mu nan. Zan ƙara. Inji zai gyaru. Za a sauke shi, a kai sandarsa a goge, a sa sabon metal. Aikin hannu nawa ne, ba na karɓar komai. Daga yau kuma duk wanda zai zuba wa motar nan mai ya zo da filta. In ba filta, ya ajiye galan ɗinsa. Kuma ba ta buƙatar juye kowane wata. Wata uku ko huɗu ya isa. Sauran sadakar a kai ta ga taya da birki, su ma sun mutu."

Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Ni a Kano makanikena cewa yake juye biyu, filta ɗaya."

Na ce, "Akwai motocin da ke jure haka, masu doguwar tafiya a kan kwalta mai kyau. Wannan tana tafiyar hawainiya a bayan gawa, cikin jar ƙasa, injinta ba ya yin zafin kirki a kashe shi. Kowane juye, sabuwar filta. In za ku yi kuskure, ku yi ta wannan ɓangaren."

Alhaji ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli. Bai miƙa nan take ba. Ya ce, "Abakar, matso." Abakar ya matso. Alhaji ya ce, "Na kira ka ɓarawo a gaban mutane. A gabansu nake cewa ka yafe mini." Ya sa masa makullin a hannu. Abakar ya karɓa da hannu biyu, bai iya haɗa Hausa ba. Ya juyo gare ni ya ce, "Singila, Baba." Na ce masa ya bar godiya, ya nemo mutum biyu mu tura mota.

Kwana goma sha ɗaya motar ta yi a garejin nan. A cikin kwanakin an yi rasuwa biyu, aka ari motar wani mai dakon kaya. Labari kuwa ya riga ni isa kasuwa. Wajen wata shida masu motoci da dama suka daina kawo mini aiki. Masu shayi suna ganina sai su ce, "Baba Iro, mu ma a wanke mu a shanya?"  Daga baya aka gaji. Abakar har yanzu shi ke tuƙa motar. Duk juye yakan kawo mini tsohuwar filta in gani, in ba shi sabuwa da ƙafar kaza a gindinta. Dattawan sun saba. Yanzu har akwai wanda ya ce shi sadakarsa filta ce kawai, don ba a ganinta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Na farko na ƙarfe ne, kun riga kun ji: sabon mai ba ya bin tsohuwar filta, kuma filta ba a wanke ta. Na biyu na baki ne. Mai mota ba ya riƙe notin da ka ɗaure, maganar da ka faɗa kana goge hannu ita yake tafiya da ita gida. Zai gaya wa ɗansa, ya gaya wa direbansa, ya rantse da sunanka bayan kai ka manta. Dabarar da ka yi a ranar wahala, in ba ka ce ta ranar wahala ce ba, za ta zama doka. Shi ya sa in na ji ɗayanku ya ce wa mai mota "za ta yi" ya tsaya nan, nake ce masa ya ƙarasa: za ta yi har yaushe?

Filtar da ke bayan ƙofa ita ce wadda na yanka a gidan Alhaji. Kada wanda ya jefar da ita. Motar nan kuma duk ranar da ta shigo, ku ajiye abin da ke hannunku ku fara da ita. Ni ma ita za ta kai ni, kuma ba na so ku ɗauke ni a kafaɗa cikin taɓo.